Ƙunshin ƙafa na biki: sibga ko lallen gargajiya?

Amaryar Gadarif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikina bayan Babbar Salla ne, kun san nan Sudan budurwa ba ta ƙunsa tafin ƙafa, to wannan ne na farkona. Ina son zane baƙi wuluk daga yatsu har saman idon sawu. Hannanar unguwarmu, wato mai yi wa mata ƙunshi, ta ce sai da sibga, wato baƙin rini, zai fito haka. Yayata kuma ta hana, wai ƙafar maƙwabciyarta ta yi bororo. Wanne zan bi? Kuma yaya zan yi ya daɗe bai koɗe ba?

Inna Kasala: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Ki ji maganar yayarki. Mu da lallen gari muka yi namu: a jiƙa ƙafa, a goge kaushi da dutse, a shafa man ƙamshin nan, mahallabiya, a ɗora lalle ya bushe, a kankare, a sake ɗorawa har sau uku, sannan a bi da nashadir, sinadarin da ke ƙara wa lalle duhu. Tafin ƙafa fatarsa kauri gare ta, shi ya fi ko'ina kamawa. Bayan ƙafa ne ke tsayawa a ja mai duhu, kuma wallahi yana da kyau. Ki fara kwana uku kafin biki, domin sai ya kwana biyu yake nuna.

Maman Hanifa, Madani: Ni aikin jinya nake. Sibga rinin gashi ne, akwai sinadarin PPD a ciki. Abin da ke ruɗar mutane, ba lallai ya ci fata ranar ba, wata sai bayan mako guda ƙaiƙayi ya taso, zanen ya kumbura daidai yadda aka zana shi, ya bar tabo. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ko rinin gashi ta shafa daga baya sai ya tayar mata. Idan kina da faso ko wani rauni, ki yi maganinsa tukuna, don nashadir ma yana da zafi a kan rauni. Sibgar kuma a nisanta ta da yara, guba ce idan aka haɗiye.

Amaryar Gadarif: Na gode Inna, na gode Anti. To alwala fa?

Inna Kasala: Launin lalle ba ya hana alwala, idan dai kin kankare busasshen. Omo da ruwan zafi ne ke cinye shi, ki bar wa ƙannenki wankin. Da dare ki shafa man riɗi, ki sa silifas, kada ki taka ƙasa haka.