Yarjejeniyar bincike da jami'ar waje: me za a duba kafin a sa hannu?

Ɗan Majiya (Tawa):
Assalamu alaikum malamai. A ce wani sashe a jami'ar cikin jaha, irin tamu ta Tawa, ya samu tayin aiki tare da wata jami'ar Turai: shekara 3, kan farfaɗo da fako a dabagin Adar, da alkawarin ɗalibai 2 na dokta da kayan awon ƙasa. Su suka rubuta takardar, hannu kawai ake jira a sa. Waɗanne wurare ne ya kamata a tsaya a kansu? Kuma ta wace ƙofa sakamakon zai shiga tsarin raya ƙasa, kada ya ƙare a kan kanta ƙura na binne shi?

Tsohon Agro (Yamai):
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da kalanda kafin kuɗi. Shekara 3 a takarda wata 36 ne, amma a gona damina 3 ce kawai, kuma ta farko ita ce mai saurin kuɓucewa. Tassa (ƙananan ramukan shuka) da rabin wata (kunyar ƙasa mai siffar rabin wata da ke tare ruwa) da rani ake gina su, tsakanin Maris da Mayu, taki ya shiga rami kafin ruwan farko. In kason farko na kuɗi ya iso Yuli, wannan shekarar ta tafi, ɗalibin dokta ya rage da damina 2, kuma damina 2 ba ta isa a ce komai a ƙasar da ruwan bana ba ya kama da na bara. Don haka a nemi aikin ya fara lissafi daga Oktoba ko Nuwamba, ko a rubuta tun yanzu cewa za a iya ƙara wata 12 ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Sannan kuɗin. A duba kashi nawa zai sauka a asusun jami'ar nan, kashi nawa zai tsaya can da sunan albashin masanansu da tikitin jirgi. Canji ba ya ba da wahala in da yuro ne, tunda yuro 1 sefa 655,957 ne ba ya motsi. In da dala ta Amurka ce, a rubuta wanda zai ɗauki asarar canji. Abin da ke karya sassa da yawa shi ne tsarin "ku kashe, ku kawo rasit, mu biya". Jami'ar da ke jiran kasonta daga baitulmali ba ta da abin da za ta gabatar. A nemi kason farko a hannu, kuma a ware albashin akanta guda wanda aikinsa ke nan, don rahoton kuɗi da ya makara shi ke riƙe kaso na biyu.

Kada a manta da kuɗin ɗawainiya, wato wuta, ruwa, ofis, intanet. A shirin Horizon Europe, na tallafin bincike na Tarayyar Turai, kashi 25 cikin 100 ne, a tallafin raya ƙasa na Tarayyar Turai ba ya wuce kashi 7. Ko nawa ne, a rubuta rabon jami'ar gida baƙi bisa fari. Haka harajin TVA, kashi 19 ne a nan. In ba a nemi takardar yafewa ba tun farko, kayan awo za su zauna a duwan, kuɗin ajiya na hawa.

Kayan kansu kuwa, na'ura ba ta aiki ita kaɗai. Tana son wuta marar yankewa, ɗaki mai sanyi da ƙura ba ta shiga, sinadarai na shekara 5 aƙalla, da ma'aikaci ɗan gida da aka horar, wanda ba zai tafi da ƙarewar aikin ba. In babu waɗannan a kasafi, gara a kai samfurin ƙasa ɗakin awon INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Sadore kusa da Yamai, a biya, ya fi arha nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Tsare-tsare (Yamai):
Malam ya gama da takarda, bari in taɓa tambaya ta biyu. Ma'aikatar minista ba ta karanta kundin dokta, ba kuma don raini ba. Mai shirya tsari sati kaɗan gare shi, adadi yake nema da zai sa a jadawali. Takardun da ake dubawa sanannu ne: SDDCI Nijar 2035, dabarar raya ƙasa ta dogon zango da aka amince da ita a 2017, tsare-tsaren raya tattalin arziki da jama'a na PDES da suka biyo layinta, sai PRSP, shirin gwamnati da ya zo bayan 2023, ga kuma muradu 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015. Kan batun ƙasa, Nijar ta ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3,2 kafin 2030 a ƙarƙashin AFR100, shirin Afirka na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, kuma hukumar muhalli ta ƙasa CNEDD, da aka kafa a 1996 ƙarƙashin fadar firaminista, ita ke haɗa rahotannin muhalli da canjin yanayi.

Ga inda jami'a ke da wurin zama da babu mai iya ƙwace mata. Rahoton aiki yakan faɗi hekta nawa aka gyara da mutum nawa suka samu kuɗin aiki. Tambayar da ba a cika amsawa ba ita ce: bayan shekara 5, bayan 10, nawa ne suka tsaya da rai, kuma wa ke noma su? Aikin tallafi yana rufe ofis ya tafi, jami'a na nan, kuma kowace shekara tana da ɗalibai masu neman abin rubutu. Wanda ya riƙe filaye 30 yana auna su duk shekara da ma'auni iri ɗaya, shi za a kira ranar da ake sabunta tsari.

Sassaben zamani, wato renon itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, ya nuna yadda abin ke tafiya. Manoman Maraɗi sun fara barin kututture ya toho tun wajen 1983, amma sai da binciken masana na gida da na waje, irin su Mahamane Larwanou, Chris Reij da Gray Tappan, ya haɗa hotunan sama da ƙidayar gona ya nuna kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, sannan maganar ta samu nauyi. A 2020 aka fitar da dokar da ta tsara aikin, ta kuma amince da haƙƙin manomi kan icen da ya rena a gonarsa. Dubi tsawon lokacin da aka ɗauka.

A aikace: a sa ma'aikatar muhalli ta jaha, ta noma, da ta tsare-tsare cikin kwamitin bin aikin tun ranar farko, ba ranar bikin rufewa ba. A tambaye su wace tambaya ce ke hana su barci, a sa ɗaya daga ciki a cikin aikin ɗalibi. Duk shekara bayan girbi a fitar da shafi 2, da Faransanci, mai adadi 3 ko 4 da kuɗin hekta guda. Ga manoma kuma a yi da Hausa da Tamajak a rediyon karkara.

Malamin Daji (Keita):
Hajiya, Allah ya ƙara girma, na yarda da rabin maganarki. Yamai ta yi nisa. Ƙofar da ta fi kusa ita ce tsarin raya kwamin, wanda ake sabuntawa kowace shekara 5, ko da yanzu kantomomi ke riƙe da kujerun magadan gari tun 2024. Can ne ake yanke wane dabagi za a gyara.

Ɗan Majiya, abin da nake so ka gaya wa abokan aikin shi ne Adar ba farar takarda ba ce. Aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Layukan dogon yaro na tare iska a kwarin Majiya tun 1975 suke. Tassa ta ƙara yaɗuwa a yankin Illela da Badagishiri bayan manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 sun ga yadda ake zuba taki a rami. To filaye masu sama da shekara 30 suna nan a ƙasa. Ɗalibin da ya auna tsofaffin filayen nan, ya kwatanta su da fakon da ba a taɓa ba a gefensu, zai fito da abin da gwajin damina 3 ba zai ba shi ba har abada. In takardar ta ce sabon fili kawai za a buɗe, a nemi a sauya.

Inda ake yin kuskure a fili: ba a ɗaukar awon farko kafin a sa diga, kuma ba a barin filin kwatanci. Samfurin ƙasa daga santimita 0 zuwa 20, a haɗa na wurare 5 a kowane yanki, a sa lamba da wurin GPS. Ma'aunin ruwa ɗaya a kowane fili, don na gari na iya nuna abin da bai sauka a dabagi ba. Tassa wajen rami 10.000 ne a hekta, rabin wata na noma 313; a ƙidaya ainihin abin da aka gina, ba abin da ke takarda ba, a kuma rubuta kwanakin aikin mutum da amalanken taki nawa suka shiga, tunda takin ne ke ƙarewa kafin ƙarfi. Rabin wata da ba a jera a kan layin da ya gitta gangare ba, ruwan farko mai ƙarfi zai fasa shi ya buɗe kwazazzabo.

Sai maganar da masu bincike ba sa son taɓawa: fako ba shi da mai shi sai ya yi kore. Kafin a gina ko rami ɗaya, a zauna da hakimi da kwamitin filaye na COFO, a rubuta matsayin wurin, gona ce ko makiyaya. In aka shuka hatsi a kan burtali, dabbobi za su shiga, kuma gaskiya na wajen makiyayi.

Ɗan Majiya (Tawa):
Na gode malamai. Saura abu ɗaya: takardar ta ce za a adana bayanan a kwamfutar jami'arsu, kuma za a kai wasu samfura can. A bar wannan haka?

Tsohon Agro (Yamai):
A'a. A rubuta cewa cikakken kwafi, ɗanye da gyararre, yana zaune a jami'ar gida, kuma malaman nan na da ikon yin rubutu da shi bayan aikin ya ƙare ba sai sun nemi izini ba. Samfuri ba ya fita sai da takardar miƙa kaya mai faɗin iri, yawa, abin da za a auna, da makomar ragowar. In iri ne ko tsiro ko ƙwayoyin cikin ƙasa, yarjejeniyar Nagoya kan albarkatun halittu ta shigo, wadda ta fara aiki a 2014, sai da izinin hukuma da bayanin yadda za a raba amfani.

Jerin sunaye a kan maƙala ma yanzu za a yanke shi, tun ana dariya. Ɗalibi shi ne na farko a abin da ya fito daga kundinsa. Malamin gida da sunansa ya tsaya a shafin godiya ba shi da abin kai wa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, ranar neman ƙarin matsayi, ko da shi ya sha ranar dabagi. A sa kuɗin buga maƙala a kasafi, don wasu mujallu na karɓar fiye da yuro 2.000.

Ɗaliban kuma su yi rajista a jami'ar gida, a raba kulawa tsakanin malamai biyu. Tunda samun biza zuwa wasu ƙasashen Turai ya ƙara wuya tun 2023, a sa zaɓi na biyu a takarda: in tafiyar ba ta yiwu ba cikin wata 6, kuɗinta ya koma zaman aiki a AGRHYMET, cibiyar noma da ruwa da yanayi da ke Yamai, ko Sadore, ko wata jami'a ta yankinmu mai irin na'urar da ake buƙata.