Wace Afirka Saint-Saëns yake nufi da kiɗansa?

Ɗalibar Faransanci, Mabera:

Assalamu alaikum. Ina karatun Faransanci a nan Sakkwato, kuma a darasin al'adun Faransa an ba kowannenmu aikin rubutu a kan wani mai tsara kiɗa, ni kuma Camille Saint-Saëns ne ya faɗo mini. Da na ga yana da wani aiki da ya sa wa suna "Afirka", sai na yi murna, na nemo shi a YouTube na saurara har ƙarshe. Piyano na ji da gogen Turawa da kayan busa, babu baiti ko ɗaya, kuma babu abin da ya yi kama da kalangu ko kotso. Ina roƙon masana su bayyana mini wace Afirka yake nufi, da abin da ya kawo shi nahiyar tun farko.

Tsohon malamin makaranta, Runjin Sambo:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Ƙirjinsa ne ya kawo shi kafin kiɗa ya biyo baya. An haife shi a Paris a 1835, mahaifinsa ya rasu da tarin fuka yana jariri, shi ma ya tashi ba ya jure sanyi, don haka da ya girma sai ya riƙa gudun hunturun Turai yana tsallaka teku zuwa Aljeriya da Masar. Ya fara zuwa Aljeriya a 1873, ya yi ta komawa har a can ajali ya same shi, a birnin Aljiyas, a Disamban 1921, yana da shekara 86. Ke nan Afirkarsa ita ce ta bakin Bahar Rum da gaɓar Nilu, ba ta wannan gefen Sahara ba, shi ya sa ba ki ji gangunanmu ba.

Da ni ne ke, da ba zan tsaya a kan "Afirka" ta 1891 ba. Aikin da ya fi nuna abin da kunnensa ya tsinta shi ne kiɗan piyano da ƙungiyar makaɗa na biyar, wanda ake yi wa laƙabi da na Masar. Ya rubuta shi a birnin Luksor na Masar a 1896, shekara 50 cif bayan ya fara hawa dandali a zauren Pleyel na Paris yana ɗan shekara 10. A kashi na biyu akwai wani sauti mai taushi da shi da kansa ya ce waƙar soyayya ce ta mutanen Nubiya, yankin kudancin Masar da arewacin Sudan, wadda ya ji matuƙan jirgi suna rerawa a kan Nilu, kuma idan kika kasa kunne za ki ji inda ya kwaikwayi kukan kwaɗi a bakin ruwa.

Jikan mabusa:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni ban yi karatun kiɗan Turawa ba, amma a gidan busa na tashi, kuma akwai wuri ɗaya da na san kunnen Bahaushe zai kama nan take. Ƙanwata, ki nemi wasan kwaikwayonsa na waƙa mai suna Samson da Dalila, wanda aka fara nunawa a Weimar ta Jamus a 1877, ki je kiɗan rawar da ke kashi na ƙarshe. Abin busa guda ne yake buɗe shi, shi kaɗai, yana lanƙwasa sauti yana hawa yana sauka. Ranar da na fara ji sai da na ajiye abin da nake yi, domin na ɗauka algaita ce. Ba ita ba ce, obo ce, abin busa na Turawa, amma 'yan ɗaki ɗaya ne: dukansu bakinsu tsinke biyu ne da ake haɗawa su yi rawa idan an hura. Na sha ganin kakana yana jiƙa nasa a baki kafin ya fita hawan Sallah, yana gwada shi sau biyu sau uku, in bai gamsu ba ya sauya wani. Sunan algaita ma daga Larabcin Magrib ya zo mana, wato daga inda Saint-Saëns yake zuwa shan iska.

Mai nazarin tarihi, Arkilla:

Ina girmama maganar Malam, sai dai akwai abin da bai kamata ɗalibar ta bari a baya ba. Aljeriyar da yake zuwa jinya ƙasa ce da Faransa ta mamaye tun 1830, kuma bai ɓoye wannan ba: aikinsa na 1880 a kan Aljeriya, bayan ya zagaya da mai sauraro cikin sautin Larabawa, da macin sojan Faransa ya rufe shi. Sannan matuƙin jirgin nan na Nilu, wa ya san sunansa? A wurinmu makaɗin fada yakan ambaci ubangidansa, yakan ambaci wanda ya koya masa, 'yan amshi kuma ana ganinsu a bayansa. A can kuwa wanda ya sa sauti a takarda shi ne mai shi. Ban ce gwanintarsa ƙarya ba ce, mutumin da ya yi kusan shekara 20 yana kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci, a cocin Madeleine na Paris kuma ya koyar da shahararren mai tsara kiɗa Gabriel Fauré ba a raina shi, amma aro ne ya yi bai faɗi mai kaya ba.

Tsohon malamin makaranta, Runjin Sambo:

Batun macin soja gaskiya ne, ban musa ba. Na matuƙin jirgi ne nake ganin an ɗan tsananta, domin ai shi ne ya faɗi inda ya ji waƙar, da ya yi shiru da babu wanda zai tayar da maganar yau. 'Yata, ki sa ra'ayoyin biyu a takardarki, kuma idan za ki karanta a gaban aji, sunan yawanci ana furta shi kusa da "San-Sans", da "s" ɗin ƙarshe a fili.