Ƙwallo ta tsallake shinge, an mayar da ɗana tasha ta uku

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Ɗana yana buga wasan besbol a ƙungiyar yara a nan Amurka, kuma ni nake kai shi atisaye bayan na tashi daga aikin dare, domin mahaifiyarsa ba ta tuƙi. Ranar Asabar yana tasha ta farko (a besbol ɗan wasa yana zagaya tashoshi uku ya dawo inda ya fara, wato "gida", kafin a samu maki), abokinsa ya doki ƙwallo ta faɗi cikin fili, ta yi tsalle ta fita bayan shinge. Yaron ya riga ya isa gida, amma alƙalin wasa ya mayar da shi tasha ta uku, aka soke makin, muka sha kashi. Na rubuta takardar ƙorafi. In miƙa ta?

Wani dattijo a rukunin: Wa alaikumus salam. Malam, ka yaga takardar nan. Idan ƙwallo ta taɓa ƙasa sannan ta tsallake shinge, tasha biyu kacal ake ba kowa, ana ƙirgawa daga inda yake lokacin da aka jefo wa mai bugu ƙwallon, komai gudunsa. Kafin 1931 ne irin wannan bugu yake kai mutum har gida. A 2021 a filin Fenway Park na Boston, ƙwallon da Kevin Kiermaier na ƙungiyar Tampa Bay ya doka ta bugi bango, ta bugi Hunter Renfroe na ƙungiyar Boston ta fita, aka tsayar da abokin wasan Kiermaier, Yandy Díaz, a tasha ta uku, Tampa Bay ta yi rashin nasara.

Wata uwa: Ni dai ka miƙa. 'Yata ta shafe kaka guda a benci saboda mun yi shiru, kuma har yau kocin bai ba mu haƙuri ba.

Dattijon: Hajiya, wannan maganar daban ce. Dokar da na faɗa ta kowane fili ce. Dokar fili ta musamman ita ce kamar ta Wrigley Field a Chicago, inda ƙwallo take maƙalewa cikin ganyen da ya lulluɓe bango.

Wani memba: Ka tambayi kocin ko an yi yarjejeniya kan shingen kafin a fara wasa.

Mai neman shawara: Na gode, Alhaji, amma shingenmu gajere ne, kuma yaron ya wuce tasha ta biyu kafin ƙwallon ta fita. Ban yaga takardar ba tukuna.