Wani a ƙungiyarmu ya daina shan magani, mu kuma mun yi alkawarin rufa asiri

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna da 'yar ƙungiya ta maza masu fama da ciwon damuwa, muna zama kowane mako. Babu likita a cikinmu. Dokarmu ita ce duk abin da aka faɗa a zaman, nan zai tsaya, irin tsarin Alcoholics Anonymous, ƙungiyar masu neman daina shan giya da aka kafa a Amurka a 1935. Wannan alkawarin ne ya sa mutane suka fara buɗe baki, domin namiji ya gwammace ya haɗiye abu da a ga gazawarsa.

To yanzu wani daga cikinmu ya ce ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa, wai zaman namu ya wadatar. Barci ya ƙaurace masa. Yakan zauna yana murza hannu, idanu jajur, har ya taɓa cewa iyalinsa za su fi samun sauƙi in ba ya nan. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Mun roƙe shi ya koma asibiti, ya ƙi.

In na sanar da matarsa ko likitansa, na karya alkawari, sauran ma za su iya ja baya. In na yi shiru fa? Masu jagorantar irin wannan zama, don Allah a ina kuke yanke iyakar sirri, kuma yaya kuke faɗa wa mutum kafin ku tuntuɓi danginsa?