Musayar Waƙa: Baƙi a Cikin Ƙungiyoyin Mawaƙan Koriya

Malam Ɗan-Fagge:
Assalamu alaikum, ma'abota waƙa. Batun da na kawo shi ne ko matasan da kamfanonin Koriya ta Kudu ke ɗaukowa daga wasu ƙasashe su ne ke sa ƙungiyoyinsu karɓuwa a kasuwannin waje. Ni dai na amince da haka, kuma duk wanda zai amsa ya bi amsa-amon da na ɗora.

Da ɗan gari ake cin gari,
Magabata sun faɗa tun fari.
Kamfanin Seoul in zai zuba jari,
Yakan nemo baƙo cikin shiri.
Dubi TWICE, su tara ne a jeri,
Uku daga Japan suka zo da buri,
Momo, Sana, Mina, ga kirari,
Daga Osaka har Tokyo ba bari.

Kamfanin JYP ya fito da su a 2015, a 2017 tashar NHK ta Japan ta gayyace su babban bikin waƙar jajibirin sabuwar shekara, sannan a 2019 suka yi wasa a Tokyo Dome.

Hajiya Gimbiyar Damagaram:
Wa'alaikumus salam, Malam. Baitocinka sun yi daɗi, amma hujjarka ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Malam, ka zo da zance da sauri,
Ka duba gefe ka bar lamari.
BTS su bakwai ne a tsari,
Babu baƙo ko ɗaya a jeri.
Jagoransu RM ya yi nazari,
Ya koyi Turanci da haƙuri,
Amurka ta buɗe musu sarari,
Ina baƙon da ya ba su asiri?

Sun fito a 2013, kuma a 2020 suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard Hot 100, alhali dukkansu 'yan Koriya ne.

Bakatsine:
Allah ya ja zamanin Hajiya! Tun da muka fara wannan musaya ban taɓa ganin mutanen Fagge sun tsaya gabanki sun tashi da tuta ba.

Malam Ɗan-Fagge:
Bakatsine, mai yabo ya zo da nasa baitin, domin tafi ba hujja ba ne. Ga amsata ga Hajiya.

Hajiya, don Allah yi haƙuri,
Misali ɗaya bai rushe tsari.
Waƙar da ta kai su wannan wuri,
Turanci zalla ce tun da fari.
Je Bangkok ki ga babban tasiri,
Lisa 'yar Buriram ta cika dogon buri.

Tun kafin BLACKPINK, ƙungiyar Lisa 'yar Tailan, ta fito a 2016, Nichkhun ya shiga 2PM a 2008, BamBam kuma ya shiga GOT7 a 2014, kuma mutanen Tailan sun rungumi waɗannan ƙungiyoyi ne saboda sun ga 'ya'yansu a ciki.

Malam Na'ibi:
Ina neman afuwa, amma ba zan ga karyayyen ɗango in yi shiru ba. Ɗango biyar na farko kowanne gaɓa 10 ne, na ƙarshe kuma 13, don haka duk wanda ya zo rerawa sai ya yi tuntuɓe a Buriram. Hajiya ma ta ari "jeri" daga baitin abokin karawarta, kuma wannan aibi ne a musaya.

Malam Ɗan-Fagge:
Malam Na'ibi, ranka ya daɗe, ba da ƙidayar gaɓoɓi kaɗai ake auna waƙar Hausa ba. Nauyin gaɓa da sauƙinta ake dubawa, kuma idan na rera ɗangon zai zauna daram.

Malam Na'ibi:
To, a auna da nauyin ma, har yanzu ɗangon ya fi 'yan'uwansa. Ka naɗo muryarka mu saurara.

Bakatsine:
Zargin da aka yi wa Hajiya zalunci ne, domin amsa-amo ba gadon gidan kowa ba ne.

Malama Zainabu ta Kumasi:
Na iso a makare, na tarar an bar Koriya an koma ƙidayar gaɓa. Yaya Ɗan-Fagge, ka lissafa riba ka manta da asara.

Kun bar zance kun kama kari,
Ku ji inda baƙo ke da hatsari.
EXO ta rabu biyu a tsari,
Don ta ci kasuwar Sin da wuri,
Uku suka fice suka bar shiri,
Kotu ta karɓi ƙara a jeri.

Kris da Luhan, 'yan EXO 'yan asalin Sin, sun kai kamfaninsu na SM ƙara a 2014, Tao ya biyo baya a 2015, kuma kafin su Han Geng na Super Junior ya yi haka a 2009. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne na Tzuyu, 'yar Taiwan da ke cikin TWICE ɗin da ka yaba. A Janairun 2016, tana da shekara 16, ta tsaya gaban kyamara da takarda a hannu, ta sunkuya tana neman afuwa saboda ta riƙe tutar Taiwan a wani shiri, abin da ya fusata mutanen Sin. Bayan haka rikicin girke makaman kariya na THAAD a Koriya ta Kudu ya sa Sin ta rufe wa mawaƙan Koriya ƙofa tsawon shekaru, kuma babu baƙon da ya iya buɗe ta.

Malam Ɗan-Fagge:
Malama, abin da aka yi wa yarinyar nan ya ɓata min rai ni ma, amma laifin siyasa ne.

Siyasa ce ta kawo sharri,
Baƙo kam ya zo da alheri.
Ga Fatou ta Blackswan a sarari,
'Yar Senegal ta shiga jeri.

Ta shiga ƙungiyar a 2020, bayan ta girma a Beljiyam, kuma da yawa a cikinmu ta dalilinta muka ji sunan Blackswan.

Hajiya Gimbiyar Damagaram:
Jin suna daban, sayen tikiti daban, Malam. Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu a duniya bayan Amurka, shi ya sa su Momo suka yi amfani a can, har JYP ya kafa NiziU da 'yan Japan domin kasuwar Japan. Malam Na'ibi ya shirya yatsunsa, ga nawa.

Fatou ta yi ƙoƙari da haƙuri,
Ina yaba mata ba da sharri,
Amma faɗa min wane gari,
Daga Dakar har zuwa Maiduguri,
Blackswan ta cika fili a sarari?
Kawo sunansa, Malam, da sauri.