Digiri na biyu a fannin ba da shawara a jami'ar Kirista

Ɗan Kaltungo: Salama, jama'a. Na karanta ilimin zamantakewa, na gama bautar ƙasa, ina Gombe. Ina son digiri na biyu a fannin ba da shawara a jami'ar Kirista. Ta ina zan fara?

'Yar Billiri: Ƙanena, fara tantance inda za ka yi aiki. Shawarar fastoci da makarantun tauhidi irin JETS ta Jos suke koyarwa ta coci ce: aure, ta'aziyya, matasa. In makaranta ko aikin gwamnati kake hari, tuntuɓi jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu ko Babcock ta jihar Ogun, ka ji ko suna da kwas ɗin. Sannan ka bincika ko NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin kansa, don amincewa da jami'a daban ce. Nan da yawa suke asarar kuɗi.

Malamin Tudun Wada: Yawanci kwas ɗin yana tsangayar ilimi, kai kuwa ba ilimi ka karanta ba, to za a iya cewa sai ka yi PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri, tukuna, kusan shekara 1. Nemi tiranskirif ɗinka, wato cikakken sakamakon karatunka na jami'a, tun yau, shi ne yake jan ƙafa har a rufe ɗaukar ɗalibai. Haɗa da takardar NYSC da wasiƙun malamanka na dā.

'Yar Billiri: Ka kuma tambayi yadda suke horon aiki: wa zai duba ka, kuma ko za su yarda ka yi shi a Gombe. A nan za ka koyi riƙe sirri, da gane wanda ya kamata a tura wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar mai maganar kashe kansa. In ka fara, shiga CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya.