'Yata ta ci 268 a JAMB amma ba a ba ta likitanci ba, iyaye ya kuka yi da naku?

Maman 'yan uku, Kano:
Assalamu alaikum iyaye. Dan Allah shawara nake nema, amma waɗanda abin ya taɓa faruwa a gidansu nake so su faɗa mana yadda suka yi, don "a yi haƙuri" kam na sha ta har na ƙoshi. Babbar 'yata ta ci 268 a JAMB, WAEC ɗinta zama ɗaya, ta nemi likitanci a wata jami'ar tarayya, ta je ta yi post UTME, wato jarrabawar tantancewa ta jami'ar, kawai sai muka ga a CAPS, shafin JAMB da ake karɓa ko ƙin admishan, an karkatar da ita maikirobayoloji. Tun ranar yarinyar nan ba ta cin abincin kirki. Babanta ya ce ta bari ta sake baɗi, ƙanena kuma ya ce ai da wannan makin sikolashif za ta samu ta tafi waje, kar mu kuskura mu danna komai. Ni ina tsakiya, kuɗin jami'ar kuɗi dai ba mu da shi, gara in faɗa tun yanzu.

Tsohon malamin sakandare, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara ashirin da wani abu ina ganin irin wannan a kan 'ya'yan mutane, sai da ta zo kan ɗana na san zafinta. Abin da yawancinmu ba mu ganewa shi ne wannan 150 da aka sanar a 2025 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a ƙofar gida ce kawai, kowane sashe yana da nasa layin a ciki. A jami'o'in tarayya kashi 45 ake ɗauka bisa cancanta, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, shi ya sa za ki ga yaron da bai kai 'yarki maki ba ya shiga, ba lallai sai an yi hanya ba, jiharsa ce daban. Ga shi likitanci hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta horar, ko shugaban jami'a bai isa ya ƙara kujera yadda ya ga dama ba. Nawa yaron 259 ya ci, aka ba shi kimiyyar sinadarai, na ce ya karɓa. Ya yi fushi da ni wata biyu cur, yanzu yana aji uku ya ma daina zancen.

Uwargida daga Sakkwato:
'Yar'uwa ni dai kar ki yi irin tamu. Mun ƙi karɓa muka ce ta sake, shekarar farko 251 ta ci, ta biyu ta dawo da 230, don zama gida ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya mace, yau aike gobe girki jibi biki, littafin ma sai ta manta inda ta aje shi, ga dangin uba kullum sai sun zo da maganar wai tunda boko ta ƙi a yi mata aure. Da ƙyar muka samu ta shiga kwalejin jinya. Alhamdulillahi tana jin daɗinta yanzu amma ƙawayenta da suka karɓi abin da aka ba su sun yi nisa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ni na gani da idona.

Baban 'yan biyu, Katsina:
Hajiya ta Sakkwato ki yi haƙuri, ban yarda duka ba. Ba jiran ne matsala ba, jira babu tsari ne. Nawa yaron da aka ba shi kwas ɗin da ba ya so ban bar shi ya kwana gida ba, IJMB na sa shi, karatun share fagen shiga jami'a, wadda ABU Zariya ke kula da jarrabawarta, darasi uku ake yi kusan shekara guda, in ka ci da kyau sai ka sayi fom ɗin DE na JAMB, wato Direct Entry, ka nemi aji biyu kai tsaye. Kuma a shekarar ya sake zana JAMB ɗin ma don kar a yi biyu babu. Likitancin dai bai samu ba, gaskiya ɗaya ce, kujerun DE a can ƙalilan ne, amma ya samu harhaɗa magunguna kuma shekararsa ba ta tafi a banza ba. Sai dai ki bincika cibiyar da za ki kai ta sosai, akwai na bogi, wani abokin aikina ya biya kuɗi a wata sai daga baya aka gano ba ta ma da rijista.

Uwargida daga Sakkwato:
Alhaji naka namiji ne ai. Mu ko hostel ɗin ma sai da aka yi zaman dangi.

Baban 'yan biyu, Katsina:
Wannan kuma gaskiyarki ce Hajiya, ban musa ba.

Ma'aikacin banki, Kaduna:
Ni maganar ƙanenki ce ta sa na tsaya na yi rubutu, don ni ma da haka nake tunani, cewa in yaro ya ci maki mai yawa a JAMB kuɗi za su biyo shi gida. Ba haka abin yake ba a Najeriya. MTN na da tallafi ga goma na farko a JAMB na ƙasa baki ɗaya, su kuwa waɗannan maganar 340 da wani abu zuwa sama ake, 268 maki ne mai kyau wallahi amma ba ya cikin wannan sahun. Yawancin sikolashif ɗin cancanta sai yaro ya shiga makaranta tukuna, sakamakonsa na ciki ake kallo. Na MTN na kimiyya da fasaha 'yan aji uku yake ɗauka a makarantun gwamnati masu CGPA, wato matsakaicin makin jami'a, 3.5 zuwa sama cikin 5, na kamfanonin mai su ma sai ka nuna takardar admishan da katin makaranta kafin a kira ka jarrabawar kwamfuta. Kin ga ke nan wadda ta ƙi admishan tana jiran sikolashif ta rufe wa kanta ƙofar da sikolashif ɗin ke shigowa. 'Yar yayata da nake riƙo lissafi take karanta, kwas ɗin da kowa ya raina lokacin da aka ba ta, to da yake tana gaba-gaba a ajinsu ita ce ta samu tallafi a aji uku, wasu 'yan sashen da ake rububi kuwa makinsu bai kai ba. Na jiha kuma kar ki ɗora tukunya a kansa, mu a tamu jihar mun cike fom mun je tantancewa mun kai takardar ƙaramar hukuma, kuɗin sai bayan shekara suka faɗo kuma ko na hando bai isa ba.

Maman 'yan uku, Kano:
To shi NELFUND ɗin fa? Shi ba sikolashif ba ne?

Ma'aikacin banki, Kaduna:
A'a Hajiya, bashin karatu ne na gwamnatin tarayya, amma babu ruwa a kai. A 2024 aka fara shi, na 'yan makarantun gwamnati ne, kuɗin rijista makarantar ake tura wa kai tsaye, in ɗalibi ya nemi na abinci ana ba shi dubu 20 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Shi ma dai sai da admishan da lambar makaranta.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari:
Jama'a ku bari in tona wa kaina asiri ko wani zai tsira. Wani mutum aka haɗa ni da shi a masallaci, fes-fes da shi, ya ce yana da hanyar sikolashif na Turkiyya, in kawo dubu ɗari takwas kuɗin fom da fassara da biza, na ba shi rabi, ya turo wata takarda mai tambari a WhatsApp muka yi ta murna har da walima ƙarama, saboda shi na hana yaro karɓar admishan ɗinsa na gida. Wata huɗu ana gobe jibi sai layi ya daina shiga. Daga baya wani yaron shagona da ya yi karatu can yake ce min Baba ai na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, kyauta ake cikewa a intanet, ana buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, mai neman digirin farko kar ya kai shekara 21, fannin lafiya kuma sai mai kashi 90 cikin ɗari a sakamakonsa, in an ɗauke ka su za su biya jirgi da masauki har da shekara guda ta koyon yarensu, ba ruwansu da dillali. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuɗin ban ma damu da su kamar shekarar yaron ba.

Malamar firamare, Maiduguri:
Allah ya mayar da alheri Alhaji. Ni nawa wajen ma ya tafi, Khartoum, da kuɗinmu muka kai shi likitanci saboda ya fi sauƙi a lokacin, yana aji uku yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kwana nawa ban runtsa ba sai da aka kwaso su. Neman takardun sakamako daga makarantar da babu kowa a ciki shi ne wata sabuwar wahala, da ya samu gurbi a gida sai da aka mayar da shi baya. Ba ina cewa kar a je waje ba, amma ki tambayi ƙanen naki wane sikolashif yake nufi da sunansa. In na gwamnatin tarayya ne na BEA da ake zuwa Rasha da Maroko da Hungary, a 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar an dakatar da shi. In kuma wani ya kawo miki zancen Kwatano digiri sharp-sharp, a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, sai a bi a hankali.

Tsohon malamin sakandare, Zariya:
Na manta abu ɗaya. Za a ce miki ta karɓa, bayan shekara ɗaya ta canja zuwa likitanci. Mu ma an faɗa mana haka, a makarantar ɗana bai yiwu ba ko kaɗan. Ki je ofishin admishan da ƙafarki ki tambaya, kar ki yi wa yarinya alkawarin da ba a hannunki yake ba. Kuma ita za ta shiga CAPS ɗin da kanta, kar a ba ɗan kafe lambar sirri, na san wanda aka danna masa "ƙin karɓa" bisa kuskure.

Maman 'yan uku, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya da daddare na karanta wa babanta duka, da ya ji na Alhajin Kwari shiru ya yi. Na kira ƙanena na ce wane sikolashif ne, sai ya ce wai a Facebook ya gani, zai nemo. Ita kuma da na zauna da ita ashe ba likitancin ne kaɗai ya dame ta ba, cewa ta yi duk unguwa an riga an saba kiranta dakta tun tana aji huɗu, da wane ido za ta kalli mutane, kuma laifina ne wannan don ni na fara kiranta haka. Ba mu danna komai ba tukuna. Litinin za mu je ofishin admishan ni da ita mu ji maganar canjin kwas da kuma ranar da za a rufe karɓa, sannan ta ce ko ta shiga za ta cike na Turkiyyar a Janairu tunda ba a biya. Baban 'yan biyu dan Allah in ka ga wannan, nawa ka kashe a IJMB ɗin gaba ɗaya har da masauki? Babanta ne ke tambaya.